Bin Sawun Gine-ginen Farko a Paraku da Jugu ta Bakin Dattawa

Gabatarwa

Garin da aka gina da jar ƙasa ba ya jiran mai bincike. Damina takan zaftare katanga, gobara takan cinye jinka, magada sukan rushe soron kakanni su ɗora bulo da kwano, hukuma kuma takan ja titi ta tsakiyar tsohuwar unguwa. Idan aka kwana biyu sai a wayi gari babu mai iya nuna inda masallacin farko ya tsaya, ko inda ayari yake sauke kaya, ko inda ƙofar gari take. Abin da yakan rage shi ne suna, da sarauta, da abin da tsofaffi suka ji daga bakin iyayensu.

Wannan maƙala ta dubi wannan matsala a garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Paraku da Jugu, waɗanda ake rubutawa Parakou da Djougou a taswira. Dukansu manyan zanguna ne a tsohuwar hanyar fataucin goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, don haka tarihinsu wani yanki ne na tarihin Hausawa a ƙetare. Manufar ita ce a nuna wa ɗalibi yadda ake haɗa ruwayar dattawa da sunayen unguwanni da rubutattun shaidu har a kai ga gano gurbin gine-ginen farko, da kuma irin kurakuran da ke jiran wanda ya shiga aikin da gaggawa.

Garuruwa Biyu a Kan Hanyar Gwanja

Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Sai dai fataucin goro bai kai ƙololuwarsa ba sai a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe ragamarsa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare kogin Kwara ta wajajen Yawuri ko Busa ko Illo, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Paraku, ya isa Jugu, sannan ya nufi Salga a arewacin Ghana ta yau. Fatake sukan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, har da bayi, su dawo da huhunan goro a kan jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara guda.

Girman waɗannan ayarori ba ƙarami ba ne. A shekarar 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya tarar da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, dabbobinsu ma kamar haka. Taro irin wannan ba ya sauka a ko'ina. Yana bukatar fili, da rijiya ko rafi, da kasuwar sayen abinci, da wurin salla, da fatoman da zai karɓi madugu ya shiga tsakaninsa da sarkin gari a kan kuɗin fito. Waɗannan bukatu su ne suka haifar da gine-ginen farko na unguwannin Musulmi a Paraku da Jugu: gidan fatoma da zaurensa, da masallaci, da rumfunan kasuwa, da makarantar allo, da maƙabarta.

A yau Paraku ita ce hedikwatar jihar Bargu, Jugu kuma ta jihar Donga, kuma tsakaninsu tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai ce. Ƙidayar shekarar 2013 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu tana da mutane fiye da dubu 250. Wannan bunƙasa ita ce ta haɗiye tsohon gari, har ya zama sai an yi da gaske ake gane shi a cikin sabo.

Fada Daban, Unguwar Fatake Daban

Abu na farko da ya kamata mai nazari ya fahimta shi ne cewa waɗannan garuruwa ba su tashi daga cibiya guda ba. A birnin Kano fada da kasuwar Kurmi da masallacin Juma'a duk suna cikin ganuwa ɗaya, ƙarƙashin sarki ɗaya Musulmi. A Bargu da maƙwabtanta tsarin ya bambanta. Akwai masu ƙasa, waɗanda suka riga kowa zama kuma suke riƙe da wuraren tsafi. Akwai gidan sarauta, wanda galibi daga baya ya zo ya karɓi mulki. Sannan akwai unguwar baƙi Musulmi, wadda ake kira Wangara, da sunan Wangarawan Mali da suka fara kafa irinta.

A Jugu fadar sarki tana Kilir, gidan sarautar kuma yana danganta asalinsa da ƙasar Gurma, alhali talakawan ƙasar mutanen Yom ne. Kusa da Kilir akwai Sasiru, wadda ruwaya ke ɗauka ta girme ta. Unguwar fatake kuwa ta yi ƙarfi har tsofaffin matafiya sukan kira garin baki ɗaya Wangara ko Zugu-Wangara. A Paraku sarki yana ɗauke da laƙabin Akpaki, fadarsa tana unguwar Sinaguru, kuma masarautar tana cikin waɗanda ke girmama sarkin Nikki. Kpebiye ita ce ake dangantawa da masu ƙasa. Shugaban al'ummar fatake a garuruwan biyu yana ɗauke da sarauta iri ɗaya, wato Baparape, kuma a kowane gari akwai unguwa mai wannan suna har yau.

Harshen da ya haɗa mazauna Wangara shi ne Dandanci, ɗan'uwan Zabarmanci. Iyalan da suka zo daga Mali da Sanwai, masu laƙabi irin su Ture da Sise da Fofana, da waɗanda suka zo daga Katsina da Kano da Barno, duk a hankali suka koma magana da shi. Saboda haka tambayar "wane gini ne na farko a garin nan?" ba ta da amsa guda. Mai ƙasa zai nuna wurin tsafin kakanninsa, ɗan sarki zai nuna fada da kaburburan sarakuna, jikan liman zai nuna masallaci, kuma kowannensu gaskiyar ɓangarensa ya faɗa. Wajibi ne tun farko a rarrabe tambayar gida uku.

Me Ake Nufi da Ginin Farko?

Ruwan sama a Paraku da Jugu ya fi na Kano da Katsina yawa, don haka ginin ƙasa a can ya fi saurin lalacewa, rufin gargajiya kuma galibi na ciyawa ne. Ginin da ba a yaɓe shi duk shekara ba, damina kaɗan ce za ta mai da shi tudu. Wanda ake kula da shi kuwa, yaɓe a kan yaɓe da gyara a kan gyara sukan sa bayan ƙarni guda da wuya a sami ƙasar asali a jikinsa. Masallatai sun fi kowane gini fuskantar wannan sauyi, domin duk lokacin da jama'a ta ƙaru ko wani attajiri ya samu hali, sai a rushe a faɗaɗa da siminti, kuma ana ɗaukar yin hakan aikin lada.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. Babban masallacin Kano na yanzu ya maye gurbin tsohon ginin ƙasa ne a tsakiyar ƙarni na 20. A Katsina hasumiyar Gobarau kaɗai ta rage daga tsohon masallacinta. A Zariya, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ya tsira ne a cikin sabon ginin da aka kewaye shi da shi a shekarun 1970. Idan haka ta faru a biranen da ke da sarakunan magina da rubutaccen tarihi, to ina ga zangunan da ke kan hanya?

Saboda haka abin da mai bincike yake nema a Paraku da Jugu gurbi ne, wato wurin da gini ya tsaya, da sunan wanda ya gina shi, da zamanin da aka gina shi, da adadin sauye-sauyen da ya gani. Masallacin siminti na bana yana iya kasancewa a kan harsashin masallacin da ya shekara ɗari biyu. Wani fili da yara ke buga ƙwallo a cikinsa yana iya zama inda madugai suke ɗaure jakuna. Ido kaɗai ba ya gane wannan, sai an haɗa shi da kunne.

Shaidar Wani Ɗan Jugu Daga Ƙetaren Teku

Jugu ta yi sa'ar da garuruwa kaɗan suka yi, domin ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya bar bayanin yadda take kafin zuwan Turawa. Sunansa Muhammadu Gado Bakwakwa, wanda ake rubutawa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu cikin shekarun 1820. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, kawunsa kuma maƙerin sarki ne mai dukiya har a Salga, wato dai iyalinsa suna cikin zuriyar hanyar Gwanja. Sunan Gado ya same shi ne domin an haife shi bayan tagwaye, kamar yadda Hausawa ke sa Gambo. An kama shi aka sayar da shi bawa wajen shekarar 1845, aka kai shi Barazil. A 1847 ya tsere daga wani jirgin ruwa a birnin New York, ya zauna a Haiti, ya koma Amurka ya yi karatu, kuma a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. Masana biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, sun sake fitar da littafin da sharhi a 2001.

A cikin bayaninsa Bakwakwa ya ce garin yana da ƙofofi shida, kowace ana kiranta da sunan mai kula da ita, kuma kowane suna yana ƙarewa da kalmar da ba wata ba ce illa "ƙofa" ta Hausa. Masallaci kuwa ya kira shi da kalmar Dandanci, jingare, wadda ita ce a cikin sunan masallacin Jingareber na Tambutu. Wannan cakuɗuwar harsuna ita kanta shaida ce a kan waɗanda suka zauna a garin.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman gurbi shi ne cewa wasu daga cikin sunayen ƙofofin suna nan a raye a matsayin sunayen unguwanni. Ƙofar da ya danganta da Baparape tana da unguwar Baparape. Wadda ya danganta da Batulu tana da unguwar Batulu. Wadda ya danganta da Foro tana da unguwar Foromagazi, inda kunnen Bahaushe zai ji "magaji" a ƙarshen sunan. Wadda ya danganta da liman tana da unguwanni biyu masu ɗauke da wannan muƙami, Leman-Mande da Leman-Bogu. Ƙofofin sun tafi, amma sunayen sun nuna ɓangaren garin da za a nufa. Daga nan aikin dattawa yake farawa: a kowace unguwa a tambayi inda tsohuwar hanya take fita, da inda aka ji iyaye suna cewa nan ne bakin gari. Idan aka sa waɗannan wurare a taswira aka haɗa su da layi, sai siffar tsohuwar Wangara ta fara bayyana.

Darasin a nan shi ne rubutu da ruwaya kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Bakwakwa ya ba da sunaye da tabbacin cewa suna nan kafin 1845, amma bai zana taswira ba. Dattawa suna iya nuna wuri da yatsa, amma ba su riƙe shekara ba.

Paraku: Tsohon Zango da Sabon Zango

Ɗalibin Hausa da ya sauka a Paraku, abin da zai fara tambaya shi ne hanyar Zango, domin a can zai ji harshensa. Wannan daidai ne ga mai neman masauki, amma yana iya ɓatar da mai neman tarihi. Yawancin unguwannin da ake kira Zango a Afirka ta Yamma sun kafu ne ko sun bunƙasa bayan rushewar tsohon tsarin ayari. Bayan da Ingila ta ci Kumasi a 1874 sai Tonawa suka rasa ikonsu a kan Salga, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa garin, fatake suka watsu zuwa Kete-Karaci da Kintampo da wasu wurare. Sabo ta Ibadan a 1916 aka kafa ta. Daga baya jirgin ruwa da jirgin ƙasa da mota suka karɓe dakon goro daga hannun jakuna.

Paraku ta ga nata sauyin. A ƙarshen 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Yarjejeniyar Faransa da Jamus ta 1897 ta bar Jugu a hannun Faransa, ta Faransa da Ingila ta 1898 kuma ta raba Bargu gida biyu, Paraku da Nikki suka faɗa Dahome, Busa da Kayama suka faɗa Nijeriya. A 1936 layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso Paraku ya tsaya. A wancan zamani garin ya zama inda ake sauke kayan Nijar daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da Dosso. Wannan ya jawo sababbin baƙi, Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa da mutanen kudu, direbobi da 'yan kamasho da mahauta da masu sayar da goro.

Sunayen unguwanni sun adana wannan tarihi hawa-hawa. Akwai Zongo-Zenon, kuma "zeno" a Dandanci na nufin tsoho, wato Tsohon Zango ke nan, sunan da ba a sa wa wuri sai bayan an sami sabo. Akwai Yebuberi, wato Babbar Kasuwa, inda ɗaya daga cikin manyan masallatan garin yake. Akwai Baparape da Lemanda, masu ɗauke da sunayen muƙaman shugaban fatake da liman, kamar dai a Jugu. Babbar kasuwar garin ta yanzu kuwa sunanta Arzeke, kalmar da ta fito daga tushen Larabci ɗaya da "arziki".

Abin lura shi ne zuriyar Hausawan da suka zo tun zamanin ayari ba lallai a same su suna jin Hausa a yau ba. Da yawa sun zama Dandawa ta harshe, asalinsu kuma ya saura ne a cikin salsala da kirarin gida da sana'ar gado. Wanda ya taƙaita tambayarsa ga masu jin Hausa zai tattara tarihin ƙarni na 20, ya ɗauka ya kai ga mafari.

Wa Ake Tambaya, Kuma ta Yaya?

Tattara ruwaya a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Jacques Lombard ya yi nazarin tsarin sarautar Bargawa ya buga a 1965. Nehemia Levtzion ya bi al'ummomin Musulmi na yankin ya buga nasa a 1968. Paul Lovejoy ya zanta da tsofaffin fatake da 'ya'yansu a Kano da wasu garuruwa kafin ya fitar da Caravans of Kola a 1980. Denise Brégand ta rubuta a kan Wangarawan Bargu a 1998. Sai dai hankalin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga ciniki da sarauta da addini. Tambayar "a ina?" ita ce har yanzu take da sauran fili.

Mutanen da ya kamata a nema sun haɗa da gidajen limamai, domin su ne ke riƙe da jerin limaman da suka gabata, wani lokaci ma a rubuce a bangon wani tsohon littafi. Sai gidan Baparape da na sarkin zango, waɗanda suka gaji saukar baƙi. Sai maroƙan fada, waɗanda Bargawa ke kira gesere, masu haddace salsalar sarakuna. Sai masu sana'ar gado: magina da maƙera da marina da mahauta da masu haƙar kabari, domin kowace sana'a tana da wurinta a tsohon gari. Sai kuma tsofaffin mata, waɗanda sau da yawa ake tsallakewa, alhali su ne suka san tsofaffin rijiyoyi da hanyoyin rafi da gidan da aka auro kowace kaka.

Ladabin shiga yana da muhimmanci kamar tambayar kanta. Ana fara gaida sarki da liman, a bayyana manufa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a riƙa goron gaisuwa. Ba a kunna na'urar ɗaukar magana sai da izini. A bar dattijo ya yi magana da harshen da ya fi sakewa a cikinsa, Dandanci ne ko Barganci ko Yom ko Hausa, a adana maganar yadda ta fito kafin a fassara.

Ita ma tambaya tana da salo. Idan aka ce "Baba, a wace shekara aka gina masallacin nan?" za a sami lambar da aka ƙirƙira don a faranta wa baƙo rai. Gara a ce "Wane ne liman lokacin da aka sa masa kwano?" ko "Da kuna yara, ina kakanku yake salla?" Daga nan sai a jingina amsar da abubuwan da aka san shekarunsu: zuwan Faransawa a shekarun 1890, yaƙin Biyo Gera na 1916, annobar mura ta 1918, isowar jirgin ƙasa a 1936, samun mulkin kai a 1960. Abin da ya wuce waɗannan baya sai a koma ga lissafin zuriya, a ba kowane uba shekara 25 zuwa 30, tare da sanin cewa ƙiyasi ne.

Bayan zama a zaure sai tafiya da ƙafa, domin gani ya kori ji. Dattijon da ya kasa kwatanta wuri a zaune, da zarar ya tsaya a gindin wata kuka ko rimi sai labari ya kwance masa. A lura da kududdufi, domin daga cikinsa aka ɗebi ƙasar gini, kuma girmansa yana nuna yawan ginin da aka yi kusa da shi. A lura da tsofaffin rijiyoyi, da ramukan karofi da aka cike, da tudun juji mai fasassun tukwane, da kabarin da ya rage shi kaɗai a tsakiyar gida, da lungun da ya lanƙwasa ba gaira ba dalili, wanda sau da yawa wani gini ne da ya ɓace yake kewayewa. Kowane wuri a ɗauki hotonsa, a rubuta lambobin taswirarsa da wayar hannu, a haɗa da sunan wanda ya nuna shi. Lokacin bikin Gani, wanda ake yi a watan Mauludi a Nikki da Paraku da Jugu kamar yadda ake Sallar Gani a Daura, dama ce ta musamman, domin hanyar da mahaya ke bi da wuraren da suke tsayawa ba su cika sauyawa ba.

Tarkunan da Ke Cikin Ruwaya

Jan Vansina, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin amfani da ruwayar baka tun 1961, ya nuna cewa kowace ruwaya tana da aikin da take yi wa mai ba da ita a yau. Wannan ya fi fitowa fili a batun wanda ya riga zuwa, domin a kansa limanci da sarauta da mallakar fili suke rataye. Gida biyu da ke takarar limanci kowanne zai ce masallacin kakansa ne na farko. Maganin wannan shi ne a ji kowane gida shi kaɗai, sannan a nemi na uku wanda ba shi da riba a cikin gardamar. Abin da abokin hamayya ya amince da shi ba da son ransa ba ya fi abin da mai gida ya faɗa a kan kansa nauyi.

Tarko na biyu shi ne taƙaituwar salsala. Ana riƙe sunan wanda ya kafa gida da na kakanni na kusa, na tsakiya su zube, sai shekara ɗari biyu ta koma kamar ɗari. Na uku shi ne ƙaurar suna: kasuwa ko masallaci ko zango yakan tashi daga wuri ya tafi da sunansa, don haka dole a tambaya ko nan ne wurinsa tun asali. Na huɗu shi ne komowar rubutu cikin baki, inda dattijo zai maimaita abin da ɗansa ya karanta a makaranta ko aka ji a rediyo kamar daga kakansa ya ji. Tambayar "daga wa kuka ji wannan?" ita ce ke tace shi, kuma ɗalibin da ya san darajar isnadi a ilimin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Na biyar shi ne shirun da ake yi a kan bauta. Wurin da aka tsare bayi ko aka sayar da su yana cikin gine-ginen farko na kowane babban zango, amma ba kowa ke son nuna shi ba, kuma tarihin Bakwakwa ya isa hujja cewa tsallake shi tauye gaskiya ne.

Kammalawa

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna gaggawar aikin. Wanda aka haifa a 1940, idan ya tashi a gaban kakan da aka haifa wajen 1875, to ya ji labarin ayari daga bakin wanda ya gan shi da idonsa. Irin wannan dattijo a yau ya haura shekara 80. Bayan su, abin da zai rage shi ne ji daga wanda ya ji, a garuruwan da kullum ake rushewa ana sake ginawa. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana zaune a tsakiyar wannan fage, sassan Hausa da na tarihi a Sakkwato da Kano da Zariya da Yamai kuma suna riƙe da ɗaya bakin zaren, domin a can ne gidajen da ayarin ya tashi suke. Jerin limaman wata unguwa a Jugu yana iya samun cikonsa a wani gida a Katsina.

Abin da aka faɗa game da Paraku da Jugu ya shafi kowane tsohon gari da ɗalibi ya fito. A rarrabe masu ƙasa da masu sarauta da baƙi, a bi sunayen unguwanni da ƙofofi, a zauna da dattawa maza da mata, a taka ƙasa tare da su, sannan a gwada abin da suka faɗa da abin da aka rubuta. Wanda ya yi haka a unguwa guda, ya ajiye muryoyin da taswirar a inda wani zai same su, ya tsirar da abin da ba za a iya sake tambayar kowa ba nan da shekara ashirin.